Wutar Cek a Motar da Aka Canja wa Inji

(Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta)

Jama'a masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa a filin masu mota da masu gyaranta. Ina gaishe da direbobi da makanikai da masu wayarin, musamman na cikin ganuwar Kano, tun daga Ƙofar Ruwa da Gwammaja har Mandawari da Ƙofar Na'isa. Yau za mu tattauna ne a kan 'yar fitilar nan ruwan ɗorawa mai siffar inji da take kamawa a gaban direba, wadda muke kira wutar cek, da lambobin da ake karantowa idan ta kama. Sai dai motar da za mu sa a gaba ita ce wadda aka sauke mata injinta na asali aka ɗora wani.

Irin waɗannan motoci sun fi yadda ake zato yawa a garin nan. Galibin abin da muke hawa 'yan Beljiyam ne, sun sha tafiya a Amurka ko Turai kafin su sauka Kwatano ko Legas, sannan su zo su gamu da zafin bazararmu da ƙurar hunturu da cunkoson Ƙofar Wambai. Ranar da inji ya buga, ko ya fara shan baƙin mai yana tayar da hayaƙi, maigida zai yi lissafi ya ga ringi da fistin da kuɗin aiki sun kusa kamo kuɗin wani injin, sai a nufi kasuwar Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari a ɗauko. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023 kuma, ga masu sauke mai silinda shida suna neman mai huɗu. Aiki ya yi kyau, mota ta tashi, an biya an yi godiya. Kafin a kai gida wuta ta kama. A koma gareji a ce maka, "Alhaji, rabu da ita, duk motar da aka canja wa inji haka take." Rabin maganar nan gaskiya ce. Ɗaya rabin shi ke kashe inji na biyu.

Mu fara da mai kunna wutar. Akwai ɗan akwati a cikin motar, birenbos, wanda yake karɓar rahoto daga sensoci: ta iskar da ke shiga, ta zafin ruwa, ta karanshaf, ta hayaƙin da ke bin salansa. Da wannan rahoto yake yanke yawan man da nozul zai fesa da lokacin da fulogi zai ba da wuta. Idan rahoton wata sensa ya saɓa wa abin da aka rubuta masa a masana'anta, ko ya ji ta shiru, sai ya ajiye lamba ya kunna fitila. Amurka ce ta fara wajabta tsari guda na karanta waɗannan lambobi, wanda ake kira OBD-II, a kan motocin 1996 zuwa sama. Turai ta biyo baya, motocin fetur daga 2001, na dizal daga 2004. Shi ya sa za ka tarar da soket mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari.

To idan an ce an sa wa mota kwamfuta, kwamfutar nan ba ta leƙa cikin inji, ba ta kuma jin ƙararsa. Birenbos take tambaya, shi kuma ya faɗa mata abin da ya ajiye. A motar da ba a taɓa ba, birenbos da inji tare suka fito, sun san juna. A motar da aka canja wa inji kuwa, birenbos kamar malami ne da aka yi wa canjin makaranta ya taho da rijistar tsohon ajinsa: zai tsaya yana kiran sunayen yaran da ba su taɓa taka makarantar nan ba, yana sa musu alamar fashi. Ba ƙarya yake yi ba, babu su ɗin. Amma mai hankali ba zai ɗauki bulala ya tafi nemansu a gida ba.

Saboda haka, kafin a jona komai, tambaya ta farko ita ce: birenbos ɗin wa ke cikin motar nan? Wani lokaci inji kawai aka ɗora, aka bar birenbos da wayoyin motar na asali. Wani lokaci injin ya zo da birenbos ɗinsa da wayoyinsa, aka haɗa su da jikin mota. Akwai kuma wanda ya fi ba da wahala, inda inji daga wata mota, birenbos daga wata, wayoyi kuma mai wayarin ya yanka ya ɗinka da basirarsa. Ba a gane wannan da baki, sai an duba. A jikin birenbos akwai takarda mai lamba. Na Toyota yawanci tana farawa da 89661, na Honda da 37820, abin da ya biyo baya shi ke nuna motar da aka yi shi dominta, da irin giyarta, da kasuwar da aka nufa da ita. A Corolla ta 2003 zuwa 2008 yana bayan aljihun gaba na wajen fasinja, a wasu motocin yana ɗakin inji. Shi ma injin an buga sunansa a jikin bulok, irin su 1ZZ ko 2AZ ko K24. Ka ɗauki hoton duka biyun da wayarka. Takardar da ke manne a ƙarƙashin bonet kada ta ruɗe ka, labarin tsohon inji take bayarwa.

Me ya sa na dage a kan wannan? Lambar nan harafi ɗaya ce da alƙaluma huɗu. P na inji da giya ne, B na jikin mota, C na ƙafa da birki, U na sadarwa tsakanin akwatunan kwamfutar mota. Idan sifili ya biyo bayan P, ma'anar ɗaya ce a kowace mota: P0301, wato P, sifili, uku, sifili, ɗaya, silinda ta ɗaya ce ba ta ƙone mai daidai, ko a Toyota ko a Peugeot. Amma idan 1 ya biyo baya, kowane kamfani da tasa fassarar. P1300 a Toyota maganar layin wutar kwayil ce, a Honda kuwa tana nufin silindoji suna fashin wuta barkatai. Ka ga mutumin da aka sa wa injin Toyota da birenbos ɗinsa a jikin wata mota, in mai kwamfuta ya zaɓi sunan da ke rubuce a but, ko dai na'urar ta ƙi shiga, ko ta kawo fassarar da ba ta shafe shi ba. Sunan mai birenbos ake zaɓa. Haka nan na'urorin zamani irin su Launch da Autel suna iya karanto lambar casis da kansu, to lambar da ke cikin birenbos suke karantowa, mai yiwuwa ta wata mota ce da aka yanka tuntuni a wata ƙasa.

Sau da yawa ma maganar ba ta kai nan, na'ura za ta ce ta kasa haɗuwa da mota. Sai ka ji an yanke hukunci, "Birenbos ya mutu." Motar da take tashi tana tafiya, yaya za a yi birenbos ɗinta ya mutu? Soket ɗin nan na jikin mota ne, ba ya zuwa da inji. Rami na 16 shi ke kawo wutar batir, na 4 da na 5 su ne at. Tsofaffin motocin Japan da Turai da yawa ta rami na 7 suke magana, sababbi kuwa ta na 6 da na 14, tsarin da Amurka ta wajabta daga 2008. Mai wayarin da ke sauri burinsa mota ta tashi, waya ɗaya ko biyu da za su taso daga sabon birenbos zuwa soket sai ya bar su a naɗe da salatif. Wani lokacin kuma fis ne kawai ya ƙone. 'Yan uwana masu wayarin, don Allah kafin a mayar da dashbod a haɗa layin nan, a jona na'ura a tabbatar tana magana. Aikin 'yan mintoci ne ranar da komai ke buɗe, aikin yini ne bayan an rufe.

In kuwa birenbos ɗin na kafin 1996 ne, ko na kasuwar da ba ta bin tsarin Amurka, wutar da kanta take ƙirga maka. A tsohuwar Toyota akwai ɗan akwati a ɗakin inji, a haɗa TE1 da E1 da guntuwar waya, a murɗa makulli ba tare da an tayar ba. Ƙiftawa biyu, ɗan shiru, ƙiftawa biyu, 22 ke nan, sensar zafin ruwa. A Honda ta 1992 zuwa 1995 soket ne shuɗi mai baki biyu a ƙarƙashin dashbod wajen fasinja. Doguwar ƙiftawa goma ce, gajeriya ɗaya. Golf 3 ta Turai kuma, ko da ka ga soket mai ramuka 16, yaren Volkswagen take ji, ƙaramar na'urar nan da ake haɗawa da wayar hannu ba lallai ta shiga ba. Wadda aka cire wa nozul aka mayar kafireto, wannan babu sauran abin karantawa, sai kunne da ƙwarewa.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Madalla. Yanzu a ce na'ura ta shiga, ta zubo lambobi bakwai ko takwas. A nan ake gane gwani. Wasu lambobin neman abin da babu shi suke yi. An cire indomin salansa, wato abin da ke tace hayaƙi, an sayar, ko an sa bututu miƙaƙƙe: P0420. Sensar hayaƙi ta baya ba a ma jona ta ba: P0141. Birenbos ɗin Amurka yana neman kayan tara tururin fetur da injin Japan ko na Dubai bai zo da irinsu ba: P0441, P0446. An sa birenbos na otomatik a kan giyar hannu, sai ya cika allo da lambobin giya masu farawa da P07. Waɗannan ba za su tsayar da kai a hanyar Zariya ba, kodayake hayaƙin motar da babu indomi mu ne dai muke shaƙarsa a lungunanmu da iska ba ta ratsawa. Amma P0500, ta rashin sanin gudun mota, kada a jefa ta cikin wannan rukuni da gaggawa, don tana iya hana otomatik canja giya daidai, ta kuma sa mota mutuwa idan an taka birki.

Wasu lambobin kuma cewa suke yi injin da birenbos ba sa'o'in juna ba ne, duk da suna ɗaya suke amsawa. Wannan shi ne tarkon da ya fi kama mutane a kasuwa, don mai saye yana duba suna ne kawai. Ɗauki 1ZZ na Corolla, wanda yake cikin Vibe da Matrix ma. Na 1998 da 1999 ba shi da VVT-i, daga 2000 aka sa masa. Ka ɗora tsohon a ƙarƙashin birenbos ɗin 2001, zai yi ta neman bawul ɗin mai na VVT-i, ya ba ka P1656 ko P1349 har abada. Corolla ta Amurka ta 2003 da 2004 totur ɗinta na igiya ne, daga 2005 ya koma na lantarki. Haka Accord mai silinda huɗu, wadda ake kira End of Discussion na igiya, wadda ake kira Discussion Continues ta 2006 na lantarki. Idan totur ɗin ne ya saɓa, sai an ɗebo manifol da totur da sensoci daga tsohon inji an mayar kan sabon. Don haka kada ka yi saurin sayar da gawar tsohon injinka ga 'yan gwangwan, ka bari sai sabon ya zauna. Camry ta 1997 zuwa 2001 ma iri biyu ce: wadda aka yi wa jihar Kalifoniya sensar hayaƙinta ta gaba daban take da ta sauran jihohi, a ido kamar ɗaya, a aiki ba sa maye gurbin juna. A sa wadda ba ita ba, mota ta yi ta zuƙar mai, a yi ta canja fulogi a banza. Idan kuwa ka ga P0335 ko P0340 ko P0016 washegarin ɗora inji, kafin a sayi sensa a duba taimin, a kuma gwada haƙoran farantin karanshaf na sabon inji da na tsohon. Motar da ke juyawa ta ƙi kamawa, a Toyota a nemi B2799: makulli mai cif da birenbos ne ba su san juna ba.

Sai rukuni na ƙarshe, ciwo na gaskiya, wanda yake ɓuya a tsakiyar sauran. Bari in ba ku wani misali da na gani a wani gareji kusa da Ƙofar Ruwa. Corolla ce, an ɗora mata inji, tana rawa a sulo, lamba P0171, wato iska ta yi wa mai yawa. Mai motar har ya sayo sensar iska ya sa, ba ta canja zani ba. Dattijon mai wayarin bai taɓa sifana ba. Ya buɗe shafin da ke nuna aikin inji kai tsaye, ya nuna masa wani layi ya ce, "Ranka ya daɗe, ka ga wannan? Ƙarin man da birenbos yake yi ne don ya cike giɓi. Lafiyayyen inji ba ya wuce 10 sama ko ƙasa. Naka ya haura 20." Ya taka totur kaɗan, lambar ta sauko. Ya ce wa yaronsa, "Kai, kashe rediyon nan." Gareji ya yi tsit, sai ga wani siririn shiii daga bayan manifol. Ya zura hannu ya toshe wani ɗan bututu da babban yatsa, nan take rawar ta tsaya, lambar ta fara gangarowa a gaban idon mai motar. Bakin tiyo ne da sabon injin ya zo da shi, motar ba ta da inda za a kai shi, aka bar shi a buɗe. Alhajin ya ce, "To Baba, sensar da na saya fa?" Ya ce, "Ka ajiye, wata rana za ta yi amfani."

Lamba unguwa take nuna maka, gano gidan aikin mai gyara ne. P0301 tana iya zama fulogi, ko kwayil, ko nozul, ko bawul da ya ƙone tun injin yana ƙasar da ya fito. Hanya mai sauƙi: a ɗauke kwayil ɗin silinda ta ɗaya a kai ta biyu. In lambar ta koma P0302, kwayil ne. In ta tsaya inda take, a ci gaba da bincike, kuma a gaggauta auna matsin silinda tun kwanakin garantin da mai inji ya ba ka ba su ƙare ba.

Akwai kuma wadda mu muke jawowa da hannunmu, P0128, ko P0125 a wasu tsofaffi. Al'ada ce a garejinmu, da an ɗora inji sai a zare tamostat a jefar, a haɗa fanka kai tsaye, wai Kano da zafi. Ni dai ban yarda da wannan ba. Tamostat ɗin Toyota wajen digiri 82 yake buɗewa, an ƙera injin ya yi aiki da zafi sama da haka kaɗan. In ya kasa kaiwa, musamman da asubahin hunturu, birenbos zai ɗauka har yanzu ɗumama ake yi, ya ci gaba da zuba mai da yawa. Ka sauke V6 don tsimin fetur, ka dawo kana ƙona shi ta wata ƙofar. Motar da ke tafasa, lagireto ko famfon ruwa ko gaskit za a duba.

Yanzu ga inda rabin maganar nan ta "rabu da ita" take cutarwa. Fitilar ɗaya ce tak. Idan P0420 ta riƙe ta a kunne dare da rana, ranar da nozul ya toshe ko sensar zafi ta lalace babu wata sabuwar wuta da za ta kama, ido kuma ya riga ya saba. Mafi muni shi ne masu zare ƙwan fitilar, ko su liƙe ta da baƙin salatif ta ciki, ko su haɗa ta da wutar baƙin mai don ta riƙa kamawa tana mutuwa tare da ita. Wanda ya yi haka don ya sayar da mota, ha'inci ya yi, babu wani suna. Gwajin ba wuya: murɗa makulli kada ka tayar, dole wutar cek ta kama tare da sauran, ta mutu bayan inji ya tashi. In ba ta kama ba sam, an taɓa ta.

Abin da nake ba da shawara shi ne, ranar da aka gama ɗora inji a goge dukkan lambobi, ka hau motar kwana biyu ko uku, cikin gari da kan babban titi, don wasu lambobin sai an yi tafiya biyu suke tabbata. Ka dawo a sake karantawa. Duk wadda za a iya kashewa ta hanyar gyara, a gyara: a jona sensar da aka bari, a nemo birenbos ɗin da ya dace da giya. Waɗanda suka gagara, mai gyara ya yi maka bayanin dalilin kowace, ka rubuta su a takarda ka ajiye a aljihun mota. Daga nan duk sabis a jona na'ura a gwada da takardar. Lambar da ba ta cikin jerin, ita ce baƙuwa, ita za a bi. Kuma a daina cire kan batir kafin a je wurin mai kwamfuta. Birenbos yana ajiye yanayin da inji ke ciki a daidai lokacin da matsalar ta faru, gudunsa da zafinsa da nauyin da ya ɗauka, cire batir yana iya share wannan duka.

Abu guda da ko wutar da ta saba zama a kunne za ta iya gaya maka: in ta fara ƙiftawa kana cikin tafiya, fashin wuta ne mai tsanani, ɗanyen mai yana gangarawa salansa. Sassauta, ka nemi gefe ka tsaya. Jar wutar baƙin mai da ta zafi kuwa ba a ma jiran a kai gefe mai inuwa, kashewa ake yi.

Masu shirin sayen mota ta hannu, ku ma da naku. Allo mai tsabta ba shi ne shaidar lafiya ba, don ana iya gogewa ana gobe za a kai ta kasuwa. Ku ce a buɗe shafin gwaje-gwajen da birenbos yake yi wa kansa. In yawancinsu suna nuna ba a kammala ba, kwanan nan aka goge, sai ku nemi a zaga da ita sosai a sake jonawa. Ku gwada lambar da ke jikin bulok da wadda ke cikin takardun mota. Wanda kuma ya sayi inji, ya karɓi rasit mai ɗauke da lambar injin da sunan shagon, ya je ofishin lasisi a gyara masa takardu, don ranar da aka tsayar da shi a hanya, bayanin baki ba zai wadatar ba.

Lokaci ya cim mana. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗauki maganar giyar otomatik da irin man da ake zuba mata.

(Kiɗan rufe shiri)